Mutum Huɗu, Fitila Ɗaya, Babu Mai Cewa Uffan

Dare ya raba, sawu ya ɗauke. A wata kwana inda tituna biyu suka haɗu, shaguna duk sun rufe, tagogin benen da ke tsallaken titi sun yi duhu, sai wani ɗan gidan cin abinci guda ɗaya da fitilarsa ba ta mutu ba. Bangonsa kusan duk gilashi ne, ya lanƙwasa ya bi kwanar titin, don haka wanda ke tsaye a waje yana ganin abin da ke ciki kamar an ɗora masa a faifai. A titin babu mota, babu kare, babu ko ɗan guntun takardar da iska ta kwaso.

Mutum huɗu ne a ciki. Akwai mai shagon ko yaronsa, cikin farar riga da farar hula, ya sunkuya bayan kanta kamar yana wanke wani abu, ya ɗago kai. A gabansa wani mutum ne da kwat da hula mai baki, da taba tsakanin yatsu, kusa da shi wata mace mai jan gashi da jar riga, ta ɗaga wani ɗan abu a hannu tana dubawa. Can gefe guda kuma wani mutum ya zauna shi kaɗai, ya ba mu baya, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa. Ga fararen kofuna, ga kwalaben gishiri da barkono, ga manyan tukwanen gahawa guda biyu suna ƙyalli a jikin bango, ga kujeru masu zagaye a jere babu kowa a kansu. Idanun mutanen nan huɗu babu waɗanda suka haɗu.

Wannan shi ne zanen da Edward Hopper, ɗan Amurka, ya kammala ranar 21 ga Janairun 1942, aka raɗa masa suna Nighthawks. Da fentin mai aka yi shi a kan ƙyalle, faɗinsa santimita 152, tsayinsa 84. Yana rataye a babban gidan ajiye zane-zane na birnin Shikago tun shekarar da aka gama shi, kuma da wuya a lissafa zane biyar da Amurkawa suka fi sani a rasa shi a ciki.

Ni dai a fuskar waya na fara ganinsa, wani dare da barci ya ƙi zuwa. Na wuce shi, na dawo, na sake wucewa, na sake dawowa. Babu abin da ke faruwa a cikinsa, amma ya hana ni sakat. Daga baya na karanta abin da mutane da yawa suka rubuta a kansa, kusan dukkansu bakinsu ɗaya: wai hoton kaɗaici ne, hoton yadda babban birni ke haɗiye mutum. Ban ƙi ba. Sai dai da na daɗe ina kallonsa na ga kalmar ta yi masa kaɗan.

Sunan tsuntsu

Sunan zanen daga wani tsuntsun dare aka aro shi, ɗan uwan yautai ɗinmu, wanda ba ya fitowa kiwo sai rana ta faɗi. A bakin Amurkawa kalmar ta koma laƙabin mutumin da ba ya kwanciya da wuri, mai yawon dare. Duk wanda ya tashi a karkara ya san halin yautai. Zai tashi ya sauka a ɗan gaba kaɗan, yaro ya ga kamar yanzu zai damƙe shi, ya bi, ya sake tashi ya sauka, har duhu ya rufe yaro a daji bai kama komai ba. Haka zanen nan yake yi wa mai kallo. Kullum kana ganin saura ƙiris ka gane labarin mutanen nan, kullum yana matsawa gaba.

Matar Hopper, Josephine, wadda ake kira Jo, ita ce take riƙe da kundin da suke rubuta bayanin kowane zane da ya fita daga hannunsa. A cikin bayanin wannan zanen ta ambaci hancin mutumin da ke kusa da matar, mai kama da bakin tsuntsu. A wasiƙar da ta aika wa 'yar uwar mijinta, Marion, ta ce sunan zai dace da zanen, ta kuma ce ya shafe kamar wata ɗaya da rabi yana aikinsa.

Haske da gilashi

Abin da ya fara kama ido shi ne hasken. Ba irin hasken fitilar ƙwai ba ne, mai ɗumi, mai tara mutane a tabarma ɗaya. Fari ne mai ratsin rawaya, mai kaifi, irin na dogon ƙwan lantarkin nan da a lokacin bai daɗe da shiga kasuwa ba, don a ƙarshen shekarun 1930 aka fara sayar da shi. Irin wannan haske ba ya rufa wa kowa asiri. Yana fito da gajiyar fuska, yana kashe kwalliya. Hopper ya bar shi ya zubo ta gilashin ya kwanta a dakalin titi, inda ya rikiɗe ya zama kore-kore kamar ruwan kududdufi, ya tsallaka har ya leƙa cikin shagon da ke fuskantarsa. A can cikin wancan shagon babu kaya ko ɗaya a kan kanta, sai injin ajiye kuɗin ciniki shi kaɗai. A saman gidan abincin kuma akwai allon tallar tabar Phillies, santi biyar na kuɗin Amurka. Ban da sa hannun mai zanen, rubutun da ke cikin zanen ke nan gaba ɗaya. Babu sunan shago, babu sunan titi, babu agogo.

Sannan babu ƙofa. Wannan ne abin da masu kallo suka fi yawan ambata, kuma gaskiya ne: duk inda ka duba ba za ka ga ta inda ake shiga daga titi ba. Ƙofa ɗaya da ake gani tana bayan kanta, mai launin ɗorawa, da alama madafa take kaiwa. Mai hankali zai ce ƙofar tana can gefen da zanen bai nuna ba, kuma ya yi daidai. Amma Hopper shi ya zaɓi inda zai yanke hoton, kuma ya yanke shi inda ƙofa ba ta shigo ba. Wasu suna cewa ya kulle mutanen a ciki kamar kifi a kwalba. Ni abin da na fi ji a jikina daban ne. Su suna da haske, suna da wurin zama, suna da abin sha mai zafi. Wanda aka bari a waje, a cikin sanyi da duhu, yana leƙe, shi ne ni da kai. Hopper ya tsayar da mu a titi, a daidai inda mai wucewa zai tsaya, ya ba mu ido ya hana mu kunne. Ko da mai farar hular nan magana yake yi, gilashi ya tare ta. In ana neman wanda ya fi kowa kaɗaici a wannan zane, to mutum na biyar ne, wanda ba a zana ba.

A matso kusa a dubi hannuwan namijin da macen nan. Nasa na dama yana kan kanta da taba, nata na hagu yana kwance dab da shi. Daga nesa sai ka rantse sun taɓa juna. Ka ƙara girman hoton, sai ka kasa yanke hukunci, domin yatsun sun zo wuri ɗaya a ido, amma kamar nata na bayan nasa da ɗan taƙi. Miji da mata ne da suka fito daga kallon fim, maganarsu ta ƙare tun a hanya? Saurayi da budurwa ne da suka yi faɗa? Ko baƙin juna ne da kujera ta haɗa? Ga kujeru birjik babu kowa, me ya sa suka zauna kafaɗa da kafaɗa in ba su san juna ba? In kuma sun san juna, me ya sa kowa ya tafi duniyarsa? Tazarar da ke tsakanin yatsun nan ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba a kan ƙyallen, amma a kanta zanen duka ya rataya.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Hopper ya san da haka, shi ya sa ya hana mu fuskar. Ta macen a shafe take, babu murmushi babu hawaye. Ta namijin inuwar hula ta raba ta biyu. Shi kuwa na ukun, wanda ya fi kowa ɗaukar hankali, ƙeya kawai ya ba mu. Kayansa irin na ɗayan ne, kwat da hula, har wasu suna cewa kamar mutum ɗaya ne aka zana sau biyu, sau ɗaya da mace a gefensa, sau ɗaya shi kaɗai. Wannan magana tana da tushe, kamar yadda za mu gani.

Lokacin da aka kashe fitilu

Ranar 7 ga Disambar 1941 jiragen yaƙin Japan suka kai hari sansanin sojan ruwan Amurka a Pearl Harbor, Amurka ta faɗa cikin Yaƙin Duniya na Biyu. In aka lissafa wata ɗaya da rabi baya daga 21 ga Janairu, za a ga a daidai waɗannan kwanaki Hopper ya ɗauki buroshi. Birnin Niyok, mai mutum kusan miliyan 7.5 a ƙidayar 1940, ya shiga zaman ɗarɗar. Ana gwajin kashe fitilu don kada jiragen abokan gaba su ga inda za su jefa bam, mutane suna rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Watanni kaɗan bayan haka aka ba da umarnin rage hasken birnin da dare, saboda jiragen ruwan Jamus masu nutso suna amfani da hasken gari suna hango inuwar jiragen dakon kaya a bakin teku, suna nutsar da su.

Su Hopper a wannan birni suke zaune, a saman bene, ƙarƙashin rufin gilashi. Jo ta rubuta cewa hankalinta a tashe yake, shi kuwa maigidan ko a jikinsa, aikinsa kawai ya sa a gaba, ba ya son a katse shi. Babu soja a zanen, babu tuta, babu jarida mai babban kanu. Duk da haka mutum ba zai iya mantawa ba cewa a makonnin da ake koya wa birni zama cikin duhu, wani dattijo mai shekara 59 ya zauna ya zana ɗaki guda mai haske tarwai, babu labule, a tsakiyar titin da ya mutu. Ko ya yi niyya ko bai yi ba, wannan fitila ta zama mafaka. Wanda ya taɓa kwana a garin da aka sa dokar hana fita ya san abin da fitila ɗaya a kan titi take yi wa zuciya.

Mai zanen da matarsa

An haifi Hopper a 1882 a Nyack, wani ƙaramin gari a bakin kogin Hudson. Ya yi karatun zane a Niyok a hannun Robert Henri, malamin da ke kora ɗalibansa titi su zana rayuwa yadda take. Tsakanin 1906 da 1910 ya je Turai sau uku, ya fi daɗewa a Faris, daga nan bai sake tsallaka teku ba. Arziki bai zo masa da wuri ba. A 1913 ya sayar da zanensa na farko a kan dala 250, sannan kasuwa ta rufe masa kusan shekara goma. Da zanen talla da hotunan mujallu yake ci, aikin da bai taɓa ɓoye cewa ba ya so ba. A wannan shekarar ta 1913 ya tare a saman wani bene a dandalin Washington da ke unguwar Greenwich Village, inda sai an taka matakala 74 kafin a kai, da gawayin ɗumama ɗaki a hannu. A nan ya zauna har mutuwarsa.

Jo ita ma mai zane ce, kuma a lokacin da suka fara shiri ta fi shi shiga cikin mutane. Ita ce ta sa baki a 1923 aka karɓi zane-zanensa na fentin ruwa a wani baje koli a gidan tarihi na Brooklyn, aka sayi ɗaya dala 100. Daga nan ƙofa ta buɗe. Suka yi aure a 1924, dukansu sun haura arba'in, ba su haihu ba. Shi dogo ne sosai, mai nauyin baki, ita gajeriya mai surutu da zafin nama. An ruwaito ta tana kwatanta magana da shi da jefa dutse a rijiya, sai dai ita wannan rijiyar ko ƙarar faɗawar dutsen ba a ji. Littattafan sirrin da ta bari, waɗanda Gail Levin ta yi amfani da su a tarihin Hopper da ta wallafa a 1995, cike suke da labarin faɗa, har da doke-doke, da kuma baƙin cikin yadda aikinta ya dushe a inuwar nasa. Duk da haka shekara 43 suka yi tare, kuma tun daga aurensu kusan duk macen da ke cikin zanensa ita ce ta zauna masa ya zana.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutanen cikin Nighthawks ba a titi aka samo su ba. Jo ta faɗa a wasiƙarta cewa Hopper da kansa ya tsaya gaban madubi ya zana mazan biyu, ita kuma ta zauna a matsayin macen, tana da shekara 58. Ashe mai taba da mai ba mu baya mutum ɗaya ne, kuma macen da hannunta ya kusa taɓa nasa matarsa ce ta shekara goma sha bakwai. Zanen da duniya ta ɗauka a matsayin hoton baƙi a babban birni, miji da mata ne suka yi shi a ɗakinsu, su biyu, ƙofa a rufe. Tun da na san haka na daina ganin tazarar yatsun nan a matsayin laifin birni kawai. Akwai shirun da ke tsakanin baƙo da baƙo, akwai kuma wanda ke tsakanin mutum biyu da suke cin tuwo a kwano ɗaya, kuma na biyun ya fi nauyi. Gidaje da yawa sun san shi, a can da nan.

Kaɗaici ne ko keɓewa?

Shi kansa Hopper bai cika son a liƙa masa wannan fassara ba. Da Katharine Kuh ta tambaye shi, a hirar da ta fito cikin littafinta na 1962, ya ce shi bai ga wani kaɗaici na musamman a zanen ba. Ya ce wani gidan abinci ne a titin Greenwich, inda hanyoyi biyu suka haɗu, ya ba shi tunanin, sai ya rage tarkacen wurin ya ƙara wa shagon girma. Sannan ya ƙara da cewa wataƙila, ba tare da ya sani ba, kaɗaicin babban birni yake zanawa. A wani wurin kuma ya yi ƙorafin cewa an cika zuzuta maganar kaɗaicin nan. Ya ba da hannun dama, ya karɓe da na hagu, kuma ina ganin duka biyun gaskiya ya faɗa.

Harshenmu yana da kalmomi da yawa a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Kaɗaici shi ne ka rasa kowa alhali kana so. Kewa ita ce ka rasa wani takamaimai. Keɓewa kuwa kai ne ka ja jiki da ƙafarka, kamar yadda malami ke shiga halwa, ko mai itikafi ke barin gida ya tare a masallaci don ya ji da Ubangijinsa da zuciyarsa. Akwai zulumi, akwai tunani, akwai zurfin ciki. Al'adarmu tana girmama keɓewar ibada, amma ba ta sakin jiki da shirun da ba a san dalilinsa ba. Yi tagumi a tsakar gida ka gani. Kafin ka ƙifta ido wata gwaggo ta zo ta janye maka hannu daga kunci, tana tambaya wa ya mutu. Wannan rahama ce babba, kuma wanda ya yi zaman ƙasar da babu mai janye masa tagumi ya san darajarta. Amma mu faɗi gaskiya, wani lokaci mutum yana bukatar a bar shi da tagumin nasa na minti goma, ya tattara hankalinsa, ya yi wa kansa hisabi, kuma a gidan yawa wannan ba ya samuwa.

Shi ya sa nake tuna teburin mai shayi duk lokacin da na kalli zanen nan. Fasalinsu ɗaya ne: fitila guda a kan titi mai duhu, benci, tukunya tana tururi, da mutum ɗaya a tsaye yana hidima. Da magariba zuwa sha ɗaya teburin majalisa ce, ana musun ƙwallo da siyasa, rediyo na kuka. Amma ka je ƙarfe biyu na dare, kusa da tasha ko ƙofar asibiti. Direban da ya kwana a hanya, mai gadi, ɗan ci-ranin da bai san kowa a garin ba, mai jinyar da ya fito ya sha iska saboda abin da likita ya gaya masa. Kowa ya riƙe kofinsa da hannu biyu, ya zuba wa tururi ido. Sallama ce kawai ta haɗa su. Mai shayin kirki ya san wanda zai ja da hira, ya san wanda zai tura wa kofi ya yi shiru. Waɗannan mutane ba gida suka rasa ba dukkansu. Wasu sun fito ne domin ba sa iya zama su kaɗai a ɗaki da abin da ke cinsu, kuma ba sa iya faɗa wa kowa. Suna son ɗumin mutane ba tare da tambayar mutane ba.

Wannan hali shi ne Hopper ya kama, kuma ya daɗe yana bibiyarsa. A zanensa Automat na 1927, wata budurwa ce zaune ita kaɗai a gidan abinci da dare, da hula da babbar riga, ta cire safar hannu ɗaya ta bar ɗaya, tana kallon cikin kofi, bayanta wata ƙatuwar taga baƙa wuluk. A wani na 1939, ma'aikaciyar gidan sinima ce ta jingina da bango, ta tallabe haɓa, jama'a na kallon fim ita tana kallon cikinta. A na 1932, miji na karanta jarida, matar ta juya tana taɓa abin kiɗa da yatsa ɗaya. Ko kusa ba ya nuna su suna kuka, ba ya kuma roƙa musu tausayinmu. Yana kama su ne a daidai lokacin da mutum ya manta ana kallonsa, ya nutse. Me suka gani a can ƙasa, bai faɗa ba. A ganina wannan kamewa ita ce mutuncin aikinsa. Ya nuna mana cewa kowane mutum da ke kan benci yana da ɗaki a cikinsa wanda ba mu da mabuɗinsa, sannan ya bar ɗakin a rufe. Da ya buɗe, da zanen ya zama labari, a ji sau ɗaya a wuce.

Ban ce babu ciwo a ciki ba. Akwai, kuma ciwon ya ƙaru tun daga lokacin. A 1940 gidajen Amurka da mutum ɗaya tak ke zaune a ciki ba su kai 8 cikin 100 ba, a 2020 sun kusa 28. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa abin ya zama barazana ga lafiyar jama'a. Lokacin kullen korona a 2020, zane-zanen Hopper sun yi ta yawo a intanet, mutane suna cewa ga hotonsu. Sai dai a wancan lokacin abin da aka rasa shi ne ainihin abin da mutanen Nighthawks suke da shi, wato damar fita ka zauna kusa da baƙo, ku yi shiru tare.

Ina shagon yake?

Masoyan zanen sun sha wahalar neman wurin. An daɗe ana nuna wani fili a dandalin Mulry, inda titin Greenwich ya haɗu da wani babban titi, ana cewa nan ne. Da aka bincika tsofaffin taswirori sai aka ga gidan mai ne a wurin a wancan zamani. Wani marubuci mai bin diddigin tsofaffin gine-ginen Niyok, Jeremiah Moss, ya bi sawun abin a 2010, ya ƙare da cewa babu wani shago guda da ya yi daidai da na zanen. Hopper tsinto shi ya yi, taga daga nan, kanta daga can. Jan benen da ke tsallake ma ya yi kama da wanda ya zana tun 1930 a hotonsa na safiyar Lahadi. Wasu na ganin gajeren labarin Ernest Hemingway na 1927, wanda ke faruwa a irin wannan gidan abinci, yana cikin abin da ya zauna masa a rai, domin an san ya yaba labarin har ya rubuta wa mujallar da ta buga shi wasiƙa.

Masu fim da mawaƙa sun ɗebi rabonsu. Ridley Scott ya ce ya riƙa nuna wa ma'aikatansa hoton lokacin da suke shirya Blade Runner na 1982, don su gane yanayin da yake nema. Tom Waits ya aro sunan ya sa wa faifansa na 1975. Gottfried Helnwein kuma ya sake zana shi ya cika kujerun da taurari, Humphrey Bogart da Marilyn Monroe da James Dean, Elvis Presley na hidima a bayan kanta, aka buga aka sayar ko'ina. Wannan na ƙarshen bai taɓa burge ni ba. Da zarar ka san sunan wanda ke zaune, ka san labarinsa, babu sauran abin da za ka tsaya yi a bakin gilashin.

Cinikin zanen bai ɗauki lokaci ba. An rataye shi a shagon dillalinsa, Frank Rehn, Daniel Catton Rich, shugaban gidan zane-zanen Shikago, ya je ya gani, a watan Mayun 1942 aka saye shi dala 3,000, dillali ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. A 2018 an sayar da wani zanen Hopper, Chop Suey, a kan kusan dala miliyan 92.

Hopper ya mutu ranar 15 ga Mayun 1967 a ɗakin nan nasa na saman bene, Jo na kusa da shi. Ita ma ta bi shi bayan wata goma. Ta bar wa gidan zane-zane na Whitney ayyukansa sama da 3,000, tare da nata. Nasa an adana su an baje wa duniya, nata kuwa da yawa sun salwanta, sai a 'yan shekarun nan aka fara tono abin da ya rage ana nunawa.

Mai karatu, zanen yana nan a intanet, rubuta sunansa kawai za ka yi. Kada ka kalle shi da rana cikin hayaniya. Bari sai gida ya yi barci, ka buɗe shi, ka fara tsayawa a titin tukuna, sannan ka ja hoton da yatsu biyu har hannuwan nan su cika fuskar wayar. Macen mai jar riga sunanta Josephine Nivison, kuma mai zane ce.